Daga Dala Zuwa Ƙofar Na'isa: Yini Guda Da Kyamara A Cikin Birnin Kano

Duk ɗalibin da ya taɓa buɗe littafin tarihi ya ga hoton dalar gyaɗa ta Kano: buhu kan buhu, an jera su har sun yi tsini, mutum a gindinsu kamar tururuwa. An ce dala guda takan ci buhu har 15,000. Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, kuma shekara da shekaru dalar nan ita ce alamar arzikin Arewa. Fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970, da komawar hankalin ƙasa kan man fetur, su suka kawo ƙarshenta. Yau ko ka yini kana yawo a Kano ba za ka ga ko guda ɗaya ba. Da a ce ba wanda ya tsaya ya ɗauki hotonta, da sai dai kakanni su riƙa ba mu labari, mu kuwa mu riƙa cewa a zuci, kai, tsofaffi akwai ƙari!

Abin da ya sami dalar gyaɗa shi ne ke samun wasu abubuwan na cikin birni yanzu haka, sai dai a hankali yake tafiya, shi ya sa ba a lura. Ganuwa tana zaizayewa kowace damina. Gidan ƙasa da ya yi shekara ɗari a tsaye, magada kan sayar, a wayi gari an kafa benen bulo a wurin. Karofin da kakan wani ya yi rini a ciki ya cika da shara. Wannan ne ya sa filinmu na wannan mako ya bi wata ƙungiyar 'yan sakandare da suka ware wata Asabar a cikin hunturu, suka zaga tsohon birni suna ɗaukar hoto, tare da malamarsu ta tarihi da wani jagora, haifaffen cikin gari, wanda ɗaukar hoto ce sana'arsa. Ga yadda yinin ya kasance, ga kuma abin da za ku iya kwaikwaya a naku garin.

Sharaɗi uku kafin a ɗaga ƙafa

Ɗaliban su goma sha biyu ne, maza da mata, wayoyi kuwa huɗu, duk na aro daga iyaye da yayye. Mutum uku ke nan a waya guda. Kafin a tashi jagoran ya kafa sharaɗi uku. Na farko, kowane ɗalibi hoto goma kacal yake da shi a yinin nan. Nan take aka fara gunaguni, domin wasu a biki ɗaya sukan ɗauki ɗari. Ya ce mai hoto ɗari ba ya duba komai, dannawa kawai yake yi, amma mai goma dole ya tsaya ya zaɓa. Na biyu, ba a ɗaukar mutum sai an gaishe shi an nemi izininsa. Na uku, kowa ya riƙe ɗan littafi da biro, duk hoton da ya ɗauka ya rubuta wurin, da ranar, da lokacin, da abin da aka gaya masa game da shi. Daga nan ya sa aka goge idon kyamara da bakin riga ko gefen hijabi, domin a hunturu ƙura da maiƙon hannu su ne ke sa hoto ya fito kamar an ɗauke shi cikin hayaƙi.

Kan Dutsen Dala da sassafe

Ƙarfe shida da rabi muna gindin Dala, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi. Dutsen ba shi da wani tsawo na a-zo-a-gani, amma da yake Kano shimfiɗaɗɗiya ce, duk wanda ya haye matakalar ya kai ƙoli zai ga gari ta kowace fuska. Jar marmara ce, kuma a nan tarihin garin ya faro. Masu binciken kayan tarihi sun gano alamun narkar da tama a kewayen dutsen tun wajen ƙarni na 7, kuma kundin tarihin sarakunan Kano ya kawo labarin Barbushe da bautar Tsumburbura a nan, tun kafin zuwan Bagauda.

Da rana ta ɓullo, kusan kowa ya juya gabas ya ɗaga waya. Jagoran ya tsayar da su, ya ɗauki guda da tasa ya nuna musu: sama ta fito fari fat, gari kuma baƙi ƙirin. Sai ya ce a juya yamma. Ga Gwauron Dutse can, hasken safiya ya sauka a kansa, rufin gidajen da ke tsakani kowanne ya fito da launinsa. Darasin farko ke nan: idan kana son abu ya fito sarai, ka ba rana baya, haske ya faɗa kan abin da kake ɗauka. Idan kuwa siffar abu kawai kake so, kamar hasumiyoyin Babban Masallaci da ake hangowa ta kudu maso gabas cikin hazo, to ka fuskanci hasken, ka taɓa sararin sama a fuskar wayar da yatsa, sai ginin ya fito baƙi, sama kuma ta riƙe launinta.

Malamar tarihi ta fito da wata takarda daga jakarta. Zane ne na Kano daga kan wannan dutse. Wani Bajamushe mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda a nan ƙasar ya riƙa amsa sunan Abdulkarim, ya hau Dala a watan Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo, ya zana abin da ya gani, aka buga a littafin tafiyarsa. Ya ƙiyasta mutanen birnin da kimanin 30,000. A zanen akwai soraye da bukkoki, da itatuwan dabino, da fili fetal a cikin ganuwa. Ɗaliban suka riƙa duban takarda suna duban gari. Filin nan babu shi, sai kwano da bene da tankunan ruwa da dogayen ƙarafan kamfanonin waya.

Wani yaro yana ta karkata waya don kada ƙarfen sabis ya shiga hotonsa, wai zai ɓata masa tarihi. Jagoran ya ce masa ya bar shi ya shiga. Dabinon da Barth ya zana shi ne ya gaya mana yadda Kano take a 1851, ƙarfen nan kuwa shi zai gaya wa jikokinka yadda take a zamaninka.

Lungu-lungu zuwa Kurmi

Daga Dala muka gangara kudu maso gabas, ta cikin lunguna, muka nufi Kasuwar Kurmi. A nan ne amfanin jagora ya fito, domin baƙo a waɗannan lunguna sau uku zai wuce ƙofa ɗaya bai sani ba. Shi kuwa yana tafe yana gaisawa da mutane, yana nuna mana abin da ido kan tsallake.

Ya tsaya a wani tsohon gida ya ce kowa ya faɗi abin da ya gani. Aka ce gidan ƙasa ne. Sai ya shiga rarrabewa. Bangon da tubali aka gina shi, wato curin ƙasa mai siffar ƙwai da ake shanyawa a rana. Itacen da ya leƙo ta saman ƙofa azara ce, daga giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. 'Yan ƙahonin da ke kusurwar soro su ne zanko. Bututun da ke zubar da ruwan sama indararo ne. Yaɓen da ke hana ruwa shiga bango akan haɗa shi da makuba, daga ɓawon ɗorawa. Ƙasar kuma da aka yi ginin, ramin da aka haƙo ta shi ne ya zama kududdufin unguwa. Cikin minti biyar "gidan ƙasa" ya koma abu shida, kowanne da sunansa, kowanne ya isa hoto.

A saman ƙofar akwai zanen dagi da magini ya fitar da hannu. Jagoran ya nuna cewa irin wannan zane da safe ko da yamma ake ɗaukarsa, lokacin da haske ke zuwa ta gefe, domin inuwa ce ke fito da tudu da kwarinsa. Da tsakar rana zanen yakan baje, ya zama kamar bango kawai.

Wani dattijo yana zaune a dakalin gidan. Wata ɗaliba ta matsa ta rusuna.

"Salamu alaikum Baba, barka da hantsi. Mu 'yan makaranta ne, muna koyon tarihin gari. Ko za ka yarda mu ɗauki hoton ƙofar gidan nan?"

"Ku ɗauka 'ya'yana," in ji shi, "amma ban da ni, ban sa babbar riga ba."

Aka yi dariya, ya matsa gefe, aka ɗauki ƙofa. Kafin mu tashi ya gaya musu kakansa ne ya sa aka gina gidan, kuma rabon da a yi masa yaɓe an jima, domin maginan da suka iya sun ƙaranta. Duk wannan ya shiga littafi. Da an ɗauka a sace an wuce, da an sami hoton ƙofa amma an rasa labarinta. Zaure kuwa nan ne iyaka. Abin da ke bayansa na masu gida ne, kyamara ba ta da hurumi a ciki.

Su kansu sunayen unguwannin da ke kewaye da Kurmi darasi ne. Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi: kowanne yana faɗin inda mutanensa na farko suka fito. Dandalin Turawa kuma sunan ya girmi zuwan Ingilishi, domin a da fataken Larabawa na arewacin Afirka su ake kira Turawa.

Kasuwar Kurmi: matso kusa

Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi a bakin Jakara. Ayarin raƙuma daga hamada a nan yake sauke gishiri da kayan arewa, ya ɗauki tufafi da jemammun fatu. Fataken goro daga Gwanja ma nan suke nufa. Malamar ba ta ɓoye musu ɗaya ɓangaren ba: a wannan kasuwa an sayar da bayi, 'yan Adam kamarmu, har zuwa farkon ƙarni na 20. Ta ce mai son tarihin garinsu dole ya riƙe mai daɗi da marar daɗi.

Layukan kasuwar matsattsu ne, rumfa ta haɗe da rumfa, haske yana zubowa ta 'yan kafofi. Ga sirdi da linzami da likkafa, ga jakunkunan fata da takalma, ga ƙwarya da faifai, ga tasbaha da turare, ga allo da tawada. Ido ya rasa inda zai tsaya, kuma matsalar ke nan. Wanda ya tsaya daga nesa ya ce zai kwashe kasuwa duka a hoto ɗaya, tarkace zai samu. Jagoran ya ce a zaɓi abu guda a matsa kusa da shi da ƙafa. Zuƙowa da yatsu a fuskar waya yakan sa hoto ya dushe, taku uku gaba ya fi shi.

Wani baduku yana ɗinka kube. Da aka nemi izini ya ce fuskarsa dai a'a. Jagoran ya tambaye shi, hannu fa? Ya ce hannu kam babu laifi. Hoton da aka samu, yatsu masu kanta riƙe da basilla bisa jar fata, yana cikin waɗanda suka fi kyau a yinin. Wani mai turare kuwa ya ƙi ƙememe, aka yi masa godiya aka wuce. Ba dole ba ne ya faɗi dalili, rumfarsa ce kuma fuskarsa ce. Haka nan jagoran ya hana ɗaukar almajirai da mabarata. Yaro ƙarami bai san inda hotonsa zai je ba balle ya yarda, kuma talaucin mutum bai zama abin ado ga wayar wani ba. Kafin mu fita ɗaliban suka haɗa 'yan kuɗi suka sayi 'yar jaka a wurin badukun nan, domin wanda ya ba ka lokacinsa a kan sana'arsa ya cancanci ciniki.

Karofin Ƙofar Mata: haƙuri

Hantsi ya dubi ludayi lokacin da muka yi gabas muka isa marinar Ƙofar Mata. Masu wurin suna cewa tun 1498 ake rini a nan. Ramuka ne masu zurfi, jere a fili, bakin kowanne ya rine. A ciki ake haɗa ruwa da toka da baba, a bar su kwanaki su tsima, ana motsawa da muciya har ruwan ya nuna. Marini yakan zauna a bakin rami ya tsoma zane, ya ɗago, ya bar shi ya sha iska, ya sake tsomawa, haka har launin ya kai yadda ake so. Ƙulle-ƙullen da ke fitar da zane-zane a jikin yadin galibi mata ne ke yi a gida kafin a kawo. Daga nan sai mabuga, inda ake buga yadin bisa gungume har ya yi sheƙi. Barth ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus, kuma har gobe Buzaye suna neman turkuɗi na ƙasar Kano.

Jagoran ya ce kada kowa ya danna tukuna, a zuba ido kan zanen da marini zai ɗago. Da ya fito daga ruwa launinsa kore-kore ne. Muna kallo, cikin ɗan lokaci, ya rikiɗe ya koma shuɗi. Wani ɗalibin kimiyya ya gane dalili: sinadarin baba ne ke haɗuwa da iskar da muke shaƙa, launin ya canza ya kama zaren. Shi ya sa marini ke ɗagowa yana jira. Ɗaliban da suka haƙura sun sami hoto biyu na zane ɗaya, kore da shuɗi, wanda ko a ajin kimiyya za a iya kafawa. Mai ɗaukar hoto da marini hali ɗaya suke bukata, su san lokacin da ake jira.

Sannan ya sa su ja da baya su dubi filin gaba ɗaya. Ramukan da ake aiki a cikinsu ba su kai waɗanda aka bari yawa ba. Rinin zamani mai sauri da atamfa mai araha daga waje sun janye kasuwa, samari da yawa kuma sun kama wasu sana'o'in. Ya ce kowane rukuni ya ƙirga ramukan da ke da ruwa da waɗanda suka bushe, ya rubuta tare da kwanan wata, sannan a ɗauki hoton da ya haɗa duka biyun. Baƙi da yawa shuɗin kawai suke ɗauka su tafi. Busasshen ramin shi ma labari ne, wataƙila ma shi ne ya fi bukatar shaida. Al'ada ce a ba marina wani abu idan an ɗauki hotonsu, don haka a tanadi wannan tun daga gida.

Tsakar rana: Masallaci da Gidan Makama

Da rana ta take tsaka haske yakan yi kaifi, inuwa ta taru a ƙarƙashin ido da hanci, launi ya koɗe. Masu sana'ar sukan ajiye kyamara a wannan lokaci ko su shiga inuwa. Mu ma haka muka yi. Aka ci gurasa, aka yi azahar a Babban Masallacin Juma'a. Ginin da ke tsaye yanzu, mai koriyar ƙubba da hasumiya biyu, na farkon shekarun 1950 ne, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ya maye gurbin tsohon masallacin ƙasa. Shi ma tsohon, sai a hoto. Wayoyi suna aljihu har aka fito, domin ba a ɗaukar mutum yana ganawa da Ubangijinsa.

Kusa da masallacin Gidan Rumfa yake, fadar da ta ɗauki sunan sarkin da ya gina ta. A bakin fada sai an tambayi dogarai kafin a ɗaga waya, kuma duk inda aka ga jami'an tsaro, a nan ko a wani wuri, ba a nuna musu kyamara.

Gidan Makama yana nan daf da fada. An ce a nan Rumfa ya zauna lokacin yana Makama, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne. Sai an tambayi ma'aikata inda aka yarda a ɗauki hoto. Da shiga, jagoran ya ce kowa ya ɗaga kai. Rufin ɗakunan bakan gizo ne na ƙasa da azara, sun tashi daga bango sun haɗu a tsakiya, ba ƙarfe ba siminti, kuma ciki da sanyi ko da waje na ƙuna. A wuri mai ƙarancin haske irin wannan, motsin hannu kaɗan yakan ɓata hoto. Dabarar ita ce a riƙe waya da hannu biyu, a jingina da bango, a ɗauke numfashi, sannan a danna. Fitilar kyamara a kashe ta, domin takan wanke launin bango.

A ciki akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari masu ƙarfe, da kayan yaƙi, da tsofaffin hotunan Kano. A gaban hotunan malamar ta yi tambaya biyu: wa ya ɗauka, kuma su wane ne a ciki? Yawancin hotunan Kano na farkon ƙarni na 20 Turawa ne suka ɗauka. Sarki da hakimi akan rubuta sunansu. Mai tallan da ke gefe, da maginin da ke kan bango, da yaron da ke riƙe da doki, ba wanda ya tambaye su suna. Kakannin wasu ne, amma ba mai iya cewa na wane. A nan ne ɗaliban suka daina ganin littafi da biron nan a matsayin wahala.

Ganuwa da la'asar sakaliya

Bayan la'asar muka hau a-daidaita-sahu zuwa Ƙofar Na'isa, ta kudancin birni. Kundin tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa. Sarakunan baya, ciki har da Rumfa da Muhammadu Nazaki, suka faɗaɗa ta. Ta tsare gari ɗaruruwan shekaru, har zuwa Fabrairun 1903 da sojojin Ingila suka ci Kano da manyan bindigogi. A 2007 aka sa ganuwar da wuraren da ke tare da ita a jerin abubuwan da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya.

Amma ƙofar da muka tsaya a gabanta ba ita ce ta da ba. A 2010 aka rushe tsohon ginin Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, daga baya aka gina sabo. Ɗaliban nan ba su taɓa ganin tsohuwar da idonsu ba. Abin da ya rage na ganuwar a wannan ɓangare tudu ne na jar ƙasa, wani wuri ya yi tsawo, wani wuri ya zube, wani wurin kuma gini ya ci shi. Ruwan sama yana ci, masu ɗibar ƙasa suna ci, masu zubar da shara suna binne sauran.

Hasken yamma ya sauka a kan ƙasar ta yi jawur. Wannan sa'a ta kafin magariba, da takwararta ta bayan fitowar rana, su ne mafi kyau ga ginin ƙasa. Jagoran ya sa ɗalibi ɗaya ya tsaya a gindin ganuwar, domin ba tare da mutum ba mai kallo ba zai san ko tsayinta ya kai na bene ko na dakali ba. Ya hana hawa kanta, ya ce kowace ƙafa tana zubar da wani abu. Ya kuma nuna musu layukan da ake kunnawa a kyamarar waya, masu raba fuskarta gida tara, don kada ganuwa ta karkace kuma kada a dasa komai a tsakiya kamar turke.

Hoton ƙarshe shi ne mafi muhimmanci, kuma kowa ya ajiye guda dominsa. Kowane rukuni ya zaɓi wuri ɗaya, ya rubuta daidai inda ya tsaya: taku nawa daga ƙofa, kusa da wace bishiya, yana fuskantar ina. Baɗi war haka za a dawo a tsaya a wurin a sake ɗauka, haka shekara mai bi mata. Hoto ɗaya yana nuna yadda ganuwa take. Hoto biyar daga wuri ɗaya cikin shekara biyar za su nuna saurin da take tafiya, kuma wannan hujja ce da ɗalibi zai iya ajiyewa a gaban mai unguwa ko hukuma.

Abin da ya rage gare ku

Aikin bai ƙare da dawowa gida ba. Waya takan ɓace, takan lalace, mai ita kuma yakan share hotuna don ya sami wuri. Don haka kowane ɗalibi zai zaɓi uku daga cikin goman nan a wanke su a takarda, a rubuta bayanin a bayansu, a ajiye kwafi a ɗakin karatu na makaranta. Hoton da ba shi da suna da kwanan wata maraya ne, ba mai sanin danginsa.

Ba sai kuna Kano za ku yi wannan ba. 'Yan Katsina ga hasumiyar Gobarau. 'Yan Daura ga rijiyar Kusugu. 'Yan Zariya ga ganuwa da Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. 'Yan Damagaram ga unguwar Birni da fadar sarki, 'yan Agadas ga doguwar hasumiyarsu ta ƙasa. Wanda yake ƙauye ma yana da tsohuwar rijiya, da kukar bakin kasuwa, da maƙera, da rumbu. Ku nemi izinin iyaye, ku tafi a ƙungiya tare da malami, ku sami babban mutum ɗan unguwar ya yi muku jagora, ko da bai taɓa riƙe kyamara ba, domin shi ya san sunaye kuma shi ake jin kunya. Ku ɗauki ruwan sha, ku cika wayoyi da caji, ku dawo kafin magariba.

Idan kuma ba ku san inda za ku fara ba, ku tambayi kakanku ko akwai tsohon hoto a adaka. Ku nemi wurin da aka ɗauke shi, ku tsaya daidai inda mai ɗaukar ya tsaya, ku sake ɗauka, ku jera su biyun. Ku yi shi kafin damina ta sauka.